Yaushe Tsarin Mulkin Ƙasa Yake Fara Aiki?

  

Maganar da za mu yi yau a kan tsarin mulkin ƙasa ce. Kullum kuna jin sunansa a rediyo. A ce tsarin mulki ya hana kaza, tsarin mulki ya ba da damar kaza, ko kuma za a yi wa tsarin mulki gyara. To tambayarmu ita ce: yaushe ne wannan littafi yake zama doka a kan kowa? Wa yake sa masa rana? Ta wace hanya?

Tsarin mulki shi ne uwar dokokin ƙasa. Shi ne yake faɗin yadda za a zaɓi shugaba, da shekarun da zai yi, da iyakar ikonsa. Shi ne ya raba aiki tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi. A cikinsa ne aka rubuta haƙƙin talaka wanda hukuma ba ta da ikon takewa. Namu na Nijeriya yana da babi 8 da sashe 320. Sashe na farko ya nuna cewa duk dokar da ta saɓa masa, to ba ta da ƙarfi a daidai wurin da ta saɓa.

Amma rubuta shi daban, fara aikinsa daban. Ku ɗauki misalin aure. Akwai ranar da aka je tambaya, akwai ranar da aka sa rana, akwai kuma ranar ɗaurin aure. Wanda aka sa wa rana bai zama mai gida ba tukuna. Kuma duk mun san auren da aka sa wa rana, aka raba goro, amma ba a ɗaura ba. Haka tsarin mulki yake. Ana rubuta shi, a amince da shi, a sa masa hannu, sannan ranar fara aikinsa ta zo. Wani lokaci ranar ba ta zuwa sam. A ƙasar nan hakan ta faru har sau biyu, zan zo kan wannan.

Yadda na 1999 ya fara aiki

Janar Sani Abaca ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998. Janar Abdulsalami Abubakar ya karɓi mulki, ya yi alkawarin miƙa shi ga farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999. Lokaci ya ƙure. Ba a kira babban taron wakilan jama'a ba. A watan Nuwamba 1998 aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Niki Tobi, ya zaga ya ji ra'ayoyin mutane, ya miƙa rahotonsa a watan Disamba. Shawarar da kwamitin ya bayar ita ce a koma wa tsarin mulkin 1979, a yi masa gyare-gyare.

Majalisar ƙoli ta mulkin soja ta zauna a kan rahoton, ta ƙara abin da ta ƙara, ta rage abin da ta rage. Ranar 5 ga Mayu, 1999 aka fitar da shi da dokar soja mai lamba 24. Wannan ita ce ranar sa hannu. Amma a wannan rana bai fara aiki ba. Sashe na ƙarshe, wato na 320, shi ne ya sa masa ranar 29 ga Mayu, 1999. Daga 5 ga wata zuwa 29 ga wata, kwana 24 ke nan, littafin yana nan a rubuce amma har yanzu dokar soja ce ke mulkin ƙasa. Da wani ya je kotu ranar 20 ga Mayu ya ce tsarin mulkin 1999 ya ba shi haƙƙi kaza, da alƙali ya ce masa ya yi gaggawa.

Akwai abin lura a nan. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 5 ga Disamba, 1998. An zaɓi gwamnoni ranar 9 ga Janairu, 1999. An zaɓi 'yan Majalisar Tarayya ranar 20 ga Fabrairu, aka zaɓi shugaban ƙasa ranar 27 ga Fabrairu. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka an gama su kafin a fitar da tsarin mulkin. Wato mutane sun nemi kujeru, sun ci zaɓe, ba su ga littafin da ya faɗi iyakar ikon kujerun ba. Kamar mutum ne ya biya kuɗin hayar gona ba a nuna masa iyakarta ba.

Wannan ne ya sa har yau ake gardama a kansa. Gabatarwar littafin tana magana da bakin mutanen Nijeriya, kamar su ne suka taru suka tsara wa kansu. Masu suka suna cewa ba a tambayi jama'a ba, sojoji ne suka ba da shi. A ganina suna da gaskiya a wannan wuri. Babu ranar da aka kira ni ko ku aka ce mu jefa ƙuri'a a kansa. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Duk da haka shi ne doka. Da shi kotuna suke shari'a, da shi ake rantsar da shugaban ƙasa da gwamnoni. Wanda bai gamsu da shi ba, hanyarsa ita ce neman gyara.

Wani abu kuma da yake ruɗa mutane: a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni. Ranar biki ce kawai ta canja. Ranar fara aikin tsarin mulki tana nan a 29 ga Mayu, 1999, kuma a ranar 29 ga Mayu aka rantsar da sabon shugaba a 2023.

Me ya canja a wannan rana?

Wani zai ce, to ni manomi ina ruwana da kwanan wata? Da ruwanka ƙwarai.

A zamanin soja akwai doka mai lamba 2 ta 1984. Da ita ake tsare mutum wata da watanni ba a kai shi kotu ba, kuma an hana kotu ta sa baki. An soke ta a ƙarshen mulkin soja a 1999. Tun daga ranar da tsarin mulki ya fara aiki, sashe na 35 ne ke magana. Idan an kama mutum, cikin awa 24 dole a sanar da shi a rubuce dalilin kama shi, da harshen da yake ji. Idan akwai kotun da za ta iya sauraron shari'ar a cikin nisan kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne suna da nasu sharaɗin daban. Ban ce kullum ana bin wannan ƙa'ida ba, kun fi ni sanin abin da ke faruwa. Amma yanzu wanda ya karya ta shi ne mai laifi, kuma ana iya kai shi ƙara.

Na biyu, doka ba ta waiwayen baya. Sashe na 36 ya hana a hukunta mutum a kan abin da ya yi a lokacin da abin bai zama laifi ba. Ya kuma hana a yi masa horon da ya fi wanda doka ta tanada a ranar da ya yi laifin. A watan Afrilu 1985 an harbe mutum uku a Legas a kan laifin miyagun ƙwayoyi, da dokar soja mai lamba 20 ta 1984, wadda aka sa ta waiwayi baya. A nan za ku ga cewa ranar da doka ta fara aiki tana iya zama maganar rai da mutuwa.

To ina tsofaffin dokoki suka tafi? Ba a zubar da su ba. Da an yi haka da ƙasa ta wayi gari ba dokar kasuwa, ba dokar haraji, ba dokar sata. Sashe na 315 ya ce dokokin da aka tarar su ci gaba da aiki, amma a daidaita su da tsarin mulki. Har ma ya ware dokoki huɗu ya ba su kariya ta musamman. Akwai dokar yi wa ƙasa hidima, da dokar hukumar karɓar koke-koken jama'a, da dokar hukumomin tsaron ƙasa, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978.

Wannan ta ƙarshe ta shafi gonarka kai tsaye. Ita ce ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Saboda an ɗaure ta a jikin tsarin mulki, Majalisar Tarayya ba za ta iya canja ta ita kaɗai kamar sauran dokoki ba. Sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Waɗanda suka gabata

Tsarin mulkin 'yancin kai ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1960. A Ingila aka ba shi ƙarfin doka, bayan tarurrukan da shugabanninmu suka yi da Turawa. Na 1963 kuwa majalisarmu ce ta zartar da shi a Legas, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1963. Daga wannan rana Sarauniyar Ingila ta daina zama shugabar Nijeriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista. Juyin mulkin Janairu 1966 ne ya dakatar da manyan sassansa.

Na 1979 shi ne aka fi ɗaukar lokaci a kansa. Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta shi a watan Oktoba 1975, a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Mutum 49 ne suka yi aikin. Cikinsu har da Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda shi da abokinsa ba su yarda da ra'ayin sauran ba, suka rubuta nasu rahoton daban. Daga nan aka kai daftarin gaban majalisar wakilan jama'a, ta yi muhawara a kai daga 1977 zuwa 1978. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara nata gyare-gyaren, ta fitar da shi a watan Satumba 1978. Sai da ya jira fiye da shekara guda. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, ranar da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, ita ce ranar da ya fara aiki. Shekara huɗu da wata uku ya yi, sojoji suka dawo ranar 31 ga Disamba, 1983.

Yanzu ga biyun nan da na yi muku alkawari. A zamanin Janar Ibrahim Babangida an tara wakilai a Abuja, suka yi aiki, aka fitar da tsarin mulki a 1989. An buga shi, an sa masa hannu. Aka yi ta ɗaga ranar miƙa mulki. An zaɓi gwamnoni farar hula, sun hau a watan Janairu 1992, amma a ƙarƙashin dokokin soja suke aiki. Aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni, 1993, aka soke shi. A watan Nuwamba na wannan shekara Janar Abaca ya rushe komai. Tsarin mulkin 1989 bai taɓa yin aiki gaba ɗayansa ba.

Shi ma Janar Abaca ya kira nasa taron daga 1994 zuwa 1995. Wakilai suka shekara suna zama, suka miƙa daftari. An ce za a miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, 1998. Shugaban ya rasu saura wata huɗu, daftarin ya tsaya a takarda. Ku duba kuɗin da aka kashe da wahalar da aka sha a tarurrukan nan biyu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba kowace ƙasa ce ke bin hanyarmu ba. A Gana an kira jama'a ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Afrilu, 1992. Kowa ya je ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Masu yarda suka yi rinjaye, amma sai ranar 7 ga Janairu, 1993 tsarin mulkin ya fara aiki, bayan an yi zaɓe.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun jefa irin wannan ƙuri'a ranar 31 ga Oktoba, 2010, aka sa wa tsarin mulkinsu hannu ranar 25 ga Nuwamba. Ya yi aiki har zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, lokacin da sojoji suka dakatar da shi. Ƙuri'ar jama'a tana ƙara wa tsarin mulki daraja, amma ba ta zama masa garkuwa daga bindiga ba.

A Indiya an amince da tsarin mulki ranar 26 ga Nuwamba, 1949, aka jira wata biyu, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950. A Amurka kuwa sharaɗi aka sa. An gama rubutu a 1787, lokacin jihohinsu 13, aka ce ba zai yi ƙarfi ba sai jihohi 9 sun yarda. Ta taran ta yarda a watan Yuni 1788, sabuwar gwamnati ta fara aiki a watan Maris 1789.

Gyara ma yana da ranarsa

Wannan ɓangaren ne na fi so ku riƙe, domin a nan ne ake yawan yaudarar mutane. Ɗan siyasa zai zo gari ya ce an gama, majalisa ta amince za a ba mu sabuwar jiha, ko an canja doka kaza. A yi ta kiɗa da guɗa. Bayan shekara ka ji shiru.

Sashe na 9 ne ya shimfiɗa hanyar gyara. Da farko Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, kowace sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisar sun yarda. Ba na waɗanda suka zo zama a ranar kaɗai ba. Sannan a aika wa majalisun dokokin jihohi. Cikin jihohi 36 sai 24 sun yarda. Idan gyaran ya taɓa babin haƙƙin ɗan Adam, ko sashen ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, to a Abuja sai an sami kashi huɗu bisa biyar. Bayan duk wannan sai a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu.

A 2010 an yi jayayya a kan sa hannun nan. 'Yan majalisa suka ce ba a bukatarsa, tun da jihohi sun yarda. Aka je Babbar Kotun Tarayya a Legas, ta ce ana bukata. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a watan Janairu 2011. A 2015 kuma aka kai masa wani babban gyara wanda jihohi suka riga suka amince da shi, ya ƙi sa hannu, gyaran ya faɗi.

Ga wanda ya kai gaci. Matasa sun daɗe suna neman a rage shekarun tsayawa takara. Gyaran ya bi ta Abuja, ya bi ta jihohi, Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Shekarun neman shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35. Na Majalisar Wakilai da majalisar jiha suka sauko daga 30 zuwa 25. Saboda haka ne ɗan shekara 25 ya iya tsayawa a zaɓen 2019, abin da ba zai yiwu ba a 2015. A watan Maris 2023 ma an sa hannu a kan gyare-gyare 16. Cikinsu akwai wanda ya faɗaɗa ikon jihohi a kan wutar lantarki, da wanda ya ba su damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen yari.

A wannan zagaye ne aka nemi ba ƙananan hukumomi cin gashin kansu ta fuskar kuɗi. Abuja ta yarda, amma ba a sami jihohi 24 ba. Sai a watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe su, ba na riƙon ƙwarya ba. Kotu ba ta ƙara ko kalma ɗaya a littafin ba, fassara shi ta yi.

Maganar sabuwar jiha kuwa ta fi wuya. Sashe na 8 ya ce har sai an yi ƙuri'ar raba gardama a yankin da ke nema, kashi biyu bisa uku sun yarda, ban da sauran matakai. Jihohi irin su Zamfara da Gombe da Nasarawa, dokar soja ce ta haife su a 1996. Daga 1999 zuwa 2024 ba a ƙirƙiro jiha ko ɗaya ta hanyar sashe na 8 ba.

Saura abu ɗaya wanda ya shafi 'yan ajin nan. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati ƙoƙarin kawar da jahilci, har ya ambaci karatun manya kyauta, a lokacin da hali ya samu. Wannan sashe ya fara aiki tare da sauran ranar 29 ga Mayu, 1999. Sai dai yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6 ya hana kotu ta tuhumi gwamnati a kan rashin cika abin da ke cikin wannan babi, sai fa idan majalisa ta yi doka ta musamman a kai. Haka aka yi a 2004, da aka kafa dokar ilimin bai ɗaya kyauta, wadda ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama tilas. Don haka idan an rasa allo ko littafi a ajin manya, wurin zuwa shi ne wajen kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar da kuka zaɓa. Ku ambata musu lambar sashen, 18.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.